Tambayoyinku Kan Fasaha: Don Allah Ku Daina Hura Kaset

Tambaya: Malam, na tono tsohon gem ɗinmu na Nintendo, wanda Baba ya kawo mana daga Amurka muna yara. Na hura kaset ɗin Mario kamar yadda muka saba, amma sai fitilar ta yi ta ƙiftawa, babu hoto. Ina mafita? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Haba ɗan'uwa, da furfurarka har yanzu kana hura kaset? Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Numfashinka akwai danshi da yawu a ciki, haƙoran kaset kuwa ƙarfe ne mai tagulla, danshi yana sa su dafewa. Da muna yara mun ɗauka iskar ce ke aiki, alhali cirewa da mayarwar da muke yi ne ke sa haƙoran su zauna daidai.

Irin naka shi ne NES (Nintendo Entertainment System), wanda ya shiga kasuwar Amurka a 1985, bayan takwaransa Famicom ya fito a Japan a 1983. Ana tura masa kaset ta gaba sannan a danna ƙasa, kuma wannan dannawar ce ke lanƙwasa haƙora 72 da ke cikinsa a hankali. Akwai kuma wani ɗan guntun cif mai tantance ko kaset na asali ne. Idan bai samu amsa ba, sai ya riƙa kashe gem yana kunnawa, shi ne ƙiftawar da kake gani. Mu da muka taso da jabun nan masu kaset mai alƙawarin wasanni 999, alhali 'yan ƙalilan ne ake maimaitawa, ba mu san wannan matsala ba, domin ta sama ake soka musu kaset kuma ba su da cif ɗin.

Ka samu sifirit da auduga mai tsinke, ka goge haƙoran kaset har audugar ta daina baƙi, ka bari ya bushe. In ya ƙi, a canja mahaɗin haƙoran na ciki. Ina jin takaici idan na ga an lalata waɗannan kaya, domin Nintendo ya daina ƙera su tuntuni. Kaset ɗin da ya kai shekara 40 yana aiki bai cancanci yawun kowa ba.

Tunda fitilarka ta kama, na san ka bi ta sitef-dawun. Sauran jama'a ku ji: adaftar Amurka ta wuta 120 ce, tamu 230. Kuma kada a ɗauki adaftar NES a jona wa Sega ko Famicom don bakin ya shiga, irin wutar da take fitarwa daban ce, za ta iya ƙona su.

Tambaya: Bindigar wasan harbin agwagi ta gem ɗin Nintendo ta ƙi aiki a filasma. Ta lalace ne? Daga Maraɗi.

Amsa: Lafiyarta lau. Don tsohuwar talabijin mai ɗoro aka yi ta, filasma kuwa tana jinkirin nuna hoto. Je wajen masu gyara ka sayo tsohuwa.

Tambaya: Yaya zan haɗa Sega Mega Drive da sabuwar talabijin da ba ta da ramin ja, fari da rawaya? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Hajiya, ki sayi ɗan akwatin da ke mayar da AV (wato wayar ja, fari da rawaya) zuwa HDMI, sannan ki kunna Game Mode a saitin talabijin, in ba haka ba Sonic, tauraron wasan Sega, zai riƙa tsalle a makare. Idan kin gama, ki zare adafta daga bango, ki adana kaset a roba mai murfi saboda ƙurar hunturu. Haka nake yi da nawa.