Tambayoyin Lafiya: Yadda Jiki Ke Gane Cuta Ya Yaƙe Ta

Tambaya: Likita, jaririna ɗan wata huɗu ne. Na nemi a yi masa allurar ƙyanda a asibitin garinmu, aka ce sai ya cika wata tara. Mene ne dalili? (Wata uwa daga karkarar Ringim)

Amsa: Malama, ma'aikatan sun faɗa miki gaskiya. Kowace ƙwayar cuta tana ɗauke da wata alama da ake kira antijin, kuma da ita jiki ke gane baƙuwa ce, kamar yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta garkensa ba. Da zarar fararen ƙwayoyin jini sun ga alamar, sai wani rukuninsu ya fara haɗa sinadarin kariya, wato antibodi, wanda yake manne wa wannan alama kaɗai, ya hana cutar yin ɓarna, ya kuma nuna ta ga ƙwayoyin da ke cinye ta. A karon farko aikin yakan ɗauki mako 1 zuwa 2, amma jiki ba ya mantawa, kuma wannan tunawar ce allurar rigakafi take koya masa. Idan kin taɓa yin ƙyanda ko an yi miki allurarta, jaririnki ya samu antibodinki ta mabiyiya tun yana ciki, kuma waɗannan suna iya kashe ƙarfin allurar idan aka yi ta da wuri. Zuwa wata 9 sun ragu sosai. Ki kai shi a lokacin, ki kuma koma a wata 15 domin ta biyu, wadda iyaye da yawa suke sakaci da ita, abin da yake damuna ƙwarai.

Tambaya: Duk lokacin da aka yi mini gwajin Widal sai a ce taifot ne, ga shi na sha magani har na gaji. (Wani manomi daga Bichi)

Amsa: Malam, gwajin Widal antibodi yake aunawa, ba ƙwayar taifot ba, kuma antibodi yakan daɗe a jini bayan an warke, zazzaɓin cizon sauro ma yana iya rikita sakamakon. Kada ka sake shan magani a kan wannan gwaji kaɗai. Ka ga likita ya duba ka, idan da hali a yi gwajin da ake rainon ƙwayar cutar daga jini.

Tambaya: Surukata ta ce a matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne. (Wata amarya daga Gumel)

Amsa: 'Yata, kada ki zubar da shi. Dakashi cike yake da antibodi masu lulluɓe hanjin jariri su kare shi daga gudawa. Ki ɗora shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa, ki kuma zo da Inna wajen awo mu yi mata bayani cikin girmamawa.