Naman daji a tukunyar firesha: amsa daga Kumasi ga Yaya

Yaya, kin ce kin ji wai mu mutanen Kumasi ba ma rabo da naman daji, kuma a tukunya mai ihu muke dafa shi, shin ba ta fashewa? Na san akwai wata tambayar da kawaici ya hana ki yi, wato wa ya yanka. Da ita zan fara, don ita ta fi ɗaukar mana hankali a Zango.

Kin san goro ne ya kawo kakanninmu ƙasar Tonawa, wato Asante, kuma kurmi ce. A wajen masu ƙasa, miyar da babu naman daji ba ta kai ta baƙo ba. Suna da kasuwa guda a tsakiyar gari, Atwemonom, wadda ɗanyensa kaɗai ake sayarwa. Tun da asuba motoci ke sauke shi daga ƙauyuka, maza na babbaka, mata na daddatsawa suna ciniki, kuma yawancinsu gadon sana'ar suka yi daga iyayensu mata. Za ki ga gada, mazo, gyazbi, gafiya da beguwa. Barewa irin taku ta fili ba ta zama a kurmi, saboda haka idan kin ji ɗan Zango ya ce ya ci barewa, gada ce ko mazo.

Sai dai kusan duk abin da ke kan teburan nan a mace ya iso. Wani harbinsa aka yi, wani tarkon waya ne ya shaƙe shi cikin dare, kuma abin da tarko ya kashe mushe ne, nan da Kano duk hukunci ɗaya. Shi ya sa matar unguwanninmu na Zango, Aboabo ko Asawase, za ta wuce kasuwar ba ta ko taya ba. Namanmu ta hannun wanda aka sani yake zuwa. Akwai maharba Musulmi a arewacin ƙasar, cikin Dagwamba da Gwanjawa, masu bisimilla kafin su saki harbi, in sun tarar da sauran rai su yanka. Su banɗare shi, direban da ke bin hanyar Tamale ya biyo da shi ta Kintampo da Tachiman. Gyazbi kuwa yanzu kiwonsa ake yi a keji, sai a sayo mai rai maigida ya sa masa wuƙa. Wasu gidajen ma ba sa cin sa sam, sun ce ɗan'uwan ɓera ne, kuma ba mai tilasta wa wani. Ba zan ɓoye miki ba, akwai samarinmu da ke shiga gidajen abincin Tonawa su ci sakwara ba su tambayi komai ba. Iyaye na faɗa, amma ana yi.

Hukuma ma tana da tata dokar. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an hana farauta a Gana, don lokacin ne namun ke da ciki ko goyo. Gyazbi kaɗai aka ɗaga wa ƙafa, shi ma sai da lasisi, saboda yawan haihuwarsa da ɓarnar da yake wa manoma. Wanda ya kawo miki ɗanyar gada a Satumba, ki san ta bayan fage ta zo.

To, tukunya. Gada ba ta da kitse, rayuwarta duk gudu ce, naman jijiya ne zalla. A kan gawayi sai ki ba shi awa uku yana nan kamar fatar takalmi, kuma da tsadar gas ba wadda za ta bar wuta haka. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa ba ya wuce zafin digiri 100 komai wutar da kika zuga. Ta firesha tana kulle tururi a ciki, zafin ya haura wajen 120, a nan jijiyar ke narkewa ta koma romo mai danƙo. Dabarar ma tsohuwa ce: wani Bafaranshe, Denis Papin, ya ƙera irinta a 1679, kuma don tausasa ƙashi ya yi ta.

Ga yadda nake yi da ɗanye. In wanke da lemun tsami, in bi duk inda jini ya taru ya yi baƙi in yanke, in lalubi gurbin harbin da yatsa, don ƙwayoyin dalma na maƙalewa a ciki, kuma dalma guba ce, ga karya haƙori. In yanka manya-manya, ƙanana dagargajewa suke. In soya shi sama-sama a cikin tukunyar ba murfi har ya yi ja, sannan albasa, citta, tafarnuwa, daddawa, da ɓari guda na prekese, wani ɗan itace mai fiffike huɗu da Tonawa ke gasawa su jefa a miya. Shi ke kashe ƙarnin daji, kuma daga gare su muka koya. Ruwa iya wanda zai kusa shan kan naman, kada tukunyar ta wuce kashi biyu cikin uku. Ba daga ɗora ta ake ƙirga lokaci ba, sai ta fara huci, sannan a rage wuta. Gyazbi minti 15 zuwa 20 ya ishe shi, gada 30, tsohon mazo ya kan kai 40. Banda kuwa sai ta jiƙa a ruwan zafi, an kankare baƙin hayaƙi da yashi, an zubar da ruwan farko.

Inda mata da yawa ke ɓata abinsu shi ne gaggawa. Da an sauke sai a ɗaga maƙunshin tururin ko a kwara wa murfi ruwan sanyi. Romon ya ɓalle da tafasa lokaci guda, naman ya saki ruwansa, ki same shi ya yi laushi amma ya bushe yana tsarge-tsarge a baki. Ki ajiye ta gefe ta huce da kanta, kwata ɗin awa ne.

Fashewar da kike tsoro toshewar ɗan bututun murfi ke kawo ta. Kafin in rufe sai na ɗaga murfin sama na hango haske ta ramin. Kanwa ba ta shiga, duk da mun saba da ita wajen nama mai tauri, don kumfarta ke hawa ta toshe ramin. Haka tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa da ruwan kwakwar manja, kamawa suke a gindi. Naman kaɗai ake dafawa a rufe, miyar a haɗa ta a buɗe da romon. Robar murfi in ta saki ko ta tsage a sake ta, ana samu a kasuwar Kejetia.

Kada kuma a ɗauka zafin tukunya ya gama da maganar cuta. Haɗarin yana wajen fiɗa da taɓa jini. Lokacin Ebola a 2014 kasuwar naman daji ta faɗi warwas, ko da cutar ba ta shigo Gana ba, sannan a 2022 aka samu cutar Marburg a nan jihar Asante. Jemage da biri dama ba abincinmu ba ne, kuma dabbar da aka tsinta a mace ba ta shiga gida.

Mu da sakwara muke ci, a miya mai ruwa-ruwa ta tumatir da gauta, ko da tuwon shinkafa da miyar gyaɗa ranar Lahadi. Ke da za ki samu zomo ko zabon daji a wajen maharban ƙauye, minti 15 za ki ba su, in babu prekese ki ƙara kimba da masoro.