Makaho zai iya sayen waƙa a intanet ba tare da ɗan jagora ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yayanka da ya rasa ganinsa zai iya sayen waƙa ta halaltacciyar hanya a intanet da kansa. Zai iya, amma ya danganta da kasuwar da ya shiga.

In iPhone ce a hannunsa, ya kunna VoiceOver, manhajar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya, wadda ke cikin iPhone tun 2009. A iTunes Store, kasuwar waƙoƙi ta Apple, zai ji sunan waƙa da farashinta, ya taɓa sau biyu, ya tabbatar da biyan, ciniki ya faɗa. Wannan sauƙin ma sai da aka yi fama: a 2008 ne Apple ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar makafi ta Amurka, NFB, kan gyara iTunes.

Mai Android yana da TalkBack, wadda ita ma ke karanta fuskar waya, sai dai Google ya rufe kasuwar waƙoƙinsa, Play Music, a 2020. A kwamfuta kuwa manhajar karanta fuska ta NVDA kyauta ce, kuma shafin Bandcamp na sayar da waƙoƙi a tsarin MP3 da FLAC da zai ajiye inda ya ga dama.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biya. Wani shafin maɓallinsa ba suna, manhajar ta ce "maɓalli" kawai, ta yi gum. Ga karkatattun haruffan nan na tantance mutum, ga lambar da banki ke turowa wadda lokacinta kan ƙare kafin ya gama sauraro. Ranar farko dai ka zauna kusa da shi ku saka katin tare, ku kuma tabbatar bankinsa yana barin biya zuwa ƙasashen waje.