Amsoshin Tambayoyinku: Zagayen Unguwar 'Yan Sin a Kuala Lumpur

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Maigidana yana karatu a Maleshiya, na kawo masa yara hutu. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya ce zai zagaya da mu unguwar 'yan Sin da ɗan jagora, har da ɗanɗana abinci iri-iri. Kuɗin mutum huɗu ba kaɗan ba ne. Mu biya, ko mu je da kanmu? Daga wata baiwar Allah 'yar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Riƙe kuɗinki. Unguwar ba ta da girman da za a ɓata a cikinta, kuma rabin abin da za ki biya na ɗanɗanon abinci ne, wanda mafi yawansa ba za ki iya kai wa baki ba.

Ku hau jirgin ƙasa na cikin gari ku sauka a tashar Pasar Seni. Daga nan tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Titin Petaling, kasuwar unguwar, wanda za ki gane shi da ƙofa mai zanen 'yan Sin da doguwar rumfa da aka lulluɓe titin da ita. Amma kada ku faɗa kasuwar kai tsaye. Ku fara bi ta Titin Tun H.S. Lee, inda wurin ibadar mabiya Hindu na Sri Mahamariamman yake, wanda aka kafa a 1873, hasumiyar ƙofarsa cike da gumaka masu launi tun daga ƙasa har sama. Kusan daura da shi akwai na 'yan Sin mai suna Guan Di, hayaƙin turare na tashi a farfajiyarsa. Kallo daga bakin titi ya wadatar, ba sai kun shiga ba.

Ga labarin da ɗan jagoran zai sayar miki, na ba ki kyauta. A 1857 ne 'yan Sin masu haƙar kuza suka taso ta kogi suka sauka a wannan yanki, daga sansaninsu birnin ya tsiro. Shugabansu da ya fi suna, Yap Ah Loy, shi ya sake gina garin bayan yaƙi da gobara sun cinye shi, shi ne kuma ya kafa wurin ibada na Sin Sze Si Ya a 1864, wanda yake nan a wani lungu kusa da Central Market, kasuwar kayan tsaraba da aikin hannu. Ya taɓa buɗe masana'antar sarrafa rogo a Titin Petaling, shi ya sa har gobe tsofaffin 'yan Sin ke kiran titin da sunan da ke nufin titin masana'antar sitaci. Ki gaya wa yara haka, su ɗaga kai su ga Merdeka 118 a tsaye a kansu, gini na biyu mafi tsawo a duniya, mita 678 da ɗoriya.

Ku fita da la'asar sakaliya, rana ta yi sanyi, amma da lema a jaka, domin ruwan garin ba ya sallama. Idan magariba ta kawo jiki, Masjid Jamek na nan a mahaɗar kogin Klang da na Gombak, tafiyar da ba ta wuce kwata ɗin awa ba. Tun 1909 ake salla a cikinsa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne, sabon zuwa. Abokaina sun ce ƙasar Musulmi ce, komai halal ne. Zan iya cin abincin unguwar 'yan Sin?

Amsa: Ɗana, abokanka sun kusa jefa ka a rami. A wannan unguwa alade shi ne naman gida. Abin da ya fi ba ni tsoro ga Bahaushe shi ne bak kwa: nama ne shimfiɗaɗɗe, falle-falle, ja, mai sheƙi, ana gasa shi a kan waya, ƙamshinsa na dukan hanci tun daga nesa. Wallahi ka rantse kilishi ne. Ranar da na fara ganinsa har na sa hannu a aljihu, sai mai shagon ya dubi hulata ya girgiza kai ya ce "babi". Ka haddace wannan kalma, ita ce alade da harshen Malay. Ko an ce maka na kaza ne, a wuta ɗaya ake gasa su.

Haka baƙar taliyar nan da ake kira Hokkien mee, wadda unguwar ta yi suna da ita: da kitsen alade ake soya ta, har a barbaɗa mata soyayyen kitsen a sama. Bak kut teh kuwa farfesun haƙarƙarin alade ne.

Za ka ga shaguna da suka rubuta cewa ba su sa alade ko kitsensa. Wannan maganar mai shago ce kawai. Ba ta gaya maka wa ya yanka kazar ba, ba ta kuma ce ba a zuba giyar girki a miya ba, alhali girkin 'yan Sin na yawan amfani da ita. Abin da za ka nema shi ne tambarin halal na JAKIM, hukumar kula da harkokin Musulunci ta Maleshiya. In ba ka gani ba, duba masu ci a ciki. Idan ka ga matan Malay da ɗankwalinsu suna zaune, alama ce mai kyau, amma duk da haka ka tambaya.

Ba wai za ka dawo da yunwa ba. Ka nemi tau fu fah, wato awara ce tun tana ruwa-ruwa, mai laushi kamar kindirmo, a zuba mata ruwan sukari. Ka sha air mata kucing mai ƙanƙara, wanda ake dafawa da busasshen 'ya'yan longan. Sunan na nufin idon kyanwa, amma babu kyanwa a ciki. Akwai kuma apam balik, fanke ne da ake naɗewa da dakakkiyar gyaɗa da sukari. Abinci mai nauyi kuwa, ka taka zuwa wajen Central Market ka ci a shagon Malay ko na Indiyawa Musulmi.

Tambaya: Ina so in yi tsarabar agogo da jakunkuna masu sunan manyan kamfanoni a Petaling. Na gaske ne?

Amsa: Alhaji, Rolex na gaske ba ya rataye a rumfa. Jabu ne, mai sayarwa ya sani, kai ma yanzu ka sani. In za ka saya a hakan, ka yi tayi kamar kana Kantin Kwari: ka fara daga ƙasa da rabin abin da ya faɗa, in ya ƙi ka juya, zai kira ka. Ka ja zif ɗin jaka sau uku kafin ka biya, jakarka kuma ta dawo gaba saboda masu yankan aljihu. Ni dai tsarabar da zan kai wa surukata, yadin batik zan saya a Central Market, ta kai wa telanta.