Kibiyar da ake tuƙawa da motsin kai

Ka tambaye ni, ɗana, ko da gaske ne an taɓa ƙera na'urar da ke juya kibiyar kwamfuta, 'yar alamar nan mai nuna wuri a allo, da motsin kai, kuma in har ta yi aiki, me ya hana ta korar maus daga kasuwa. Da gaske ne. Ajiye sukundireban nan, jawo benci ka zauna.

Tunanin ya girmi kwamfutar gida. A shekarun 1960 Douglas Engelbart da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta SRI da ke Kalifoniya sun gwada hanyoyi iri-iri na nuna wuri a allo: alƙalamin haske, wani ƙarfe da ake turawa da gwiwa a ƙarƙashin tebur, har da wanda ake ɗaurawa a ka. Maus ne ya yi zarra. Maganar ta sake tasowa bayan Janairun 1984, lokacin da Apple ya fito da Macintosh, mai allo inci 9. Wannan kwamfuta ba ta motsi sai da maus, kibod ɗinta na farko ko maɓallan kibiya ba shi da su. Mai buga rubutu kuwa kowane lokaci sai ya ɗaga hannu daga kibod, ya laluba maus, ya dawo ya nemi inda yatsunsa suka tsaya.

Wannan ɓata lokacin wani kamfani mai suna Personics, a jihar Massachusetts ta Amurka, ya hango. A 1985 ya fito da View Control System. Ka saurara da kyau, nan aikinmu yake. Ƙaramin akwati ne ake ɗorawa a saman kwamfutar, yana fitar da wani siririn sauti da ya wuce abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji. Mai aiki kuma ya sa wani abu a ka mai kama da iyafis ɗin ɗaurawa, ɗauke da 'yan kunnuwan lantarki guda uku. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska. In ka juya kanka hagu, gefen damanka zai matso gaba, sai sautin ya riga isa can. Tazarar santimita ɗaya kacal tana ba da bambancin kusan kashi 30 cikin miliyan na daƙiƙa, kuma da wannan ɗan bambanci na'urar ke gane inda ka fuskanta. Kunne na uku shi ke bambance ɗaga kai da sunkuyarwa. Abin da ya fi burge ni shi ne inda suka jona ta: ramin maus. Kwamfutar ba ta san an sauya komai ba, saƙon da ta saba karɓa shi take karɓa, don haka duk manhajar da ke jin maus za ta ji wannan ma. Dannawa kuwa da babban yatsa ake yi, a wasu maɓallai da ake maƙalawa jikin kibod.

To me ya kayar da ita a wurin masu lafiyar hannu? Wuya. Kan babban mutum ya kai kilo biyar, kuma jijiyoyin da ke riƙe shi ba don aikin tsirarun ɗigo aka yi su ba. Kai kibiya kusa da wuri abu ne mai sauƙi, amma tsayar da ita cak tsakanin harafi da harafi, kana numfashi, kana haɗiyar yawu, nan ake yin ta. Sannan hannu yana sakin maus ya huta, kibiya ta zauna inda aka bar ta. Kai ba ya sakuwa. Wani ya yi sallama ka waiga, kibiya ta bi ka. Ga waya tana reto daga kanka, ga abu ya matse maka kunne tun safe. Wanda ke da hannu biyu lafiyayyu sai ya ga wahalar ta fi ribar.

Amma akwai mutanen da lissafin ya sha bamban a wurinsu: wanda haɗari ya taɓa masa laka a wuya, daga kafaɗa zuwa ƙasa babu motsi, kai kuwa garau. Na'urar ta koma hannunsu da sunan HeadMaster, daga baya kamfanin Prentke Romich na Ohio ya ci gaba da sayar da ita. Maimakon babban yatsa, sai aka sa ɗan bututu a bakin mutum, ya hura iska kwamfuta ta ɗauka ya danna. Aka zana kibod a allo, yana nuna harafi ɗaya bayan ɗaya. A hankali ne, ba shakka. Sai dai mutumin da a da sai ya roƙi wani ya rubuta masa wasiƙa, har sirrinsa ya shiga kunnen da bai so ba, yanzu shi ke rubuta abinsa.

Daga nan aka bar sauti aka koma haske. HeadMouse na kamfanin Origin Instruments a Texas yana bin wani ɗan ɗigo mai ƙyalli da ake mannawa a goshi ko a gilashin ido, babu waya a jikin mutum. Masu bincike a Boston College kuma suka yi Camera Mouse, manhajar da ke bin fuska ta kyamarar kwamfuta, suka sake ta kyauta a 2007.

Haɗarin babur da na mota ba baƙo ba ne a titunanmu, don haka wata rana za a kawo maka irin wannan aiki. Kada ka saita wa mai lalurar kana zaune a kujerarka. Je inda yake zama ko kwanciya, ka daidaita kyamara da tsayin fuskarsa, kada taga ta kasance a bayansa. Rage gudun kibiya, ka ƙara girman gumakan allo. In manhajar irin wadda ke dannawa da kanta ce idan kibiya ta ɗan tsaya a kan abu, fara da tsayuwar kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, sai ya saba ka rage. Kafin komai ma, ka nuna masa yadda zai dakatar da kibiyar da kansa ya huta wuyansa, ka tsaya har ya yi a gabanka sannan ka tattara kayanka.