Ku Tambaya Mu Amsa: Sababbin ƙa'idojin sayar da kaya a intanet

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowar, duka daga 'yan kasuwarmu na Legas masu ciniki ta waya. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina sayar da shadda da huluna a ɗaya daga cikin manyan kasuwannin intanet. Sun riƙe mini kuɗi, wai sai na kawo takardar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji. Na aika, sun ce ba su dace ba. Ina mafita? — Wani ɗan kasuwa, Agege

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin ka sake aika komai, ka jera abubuwa huɗu a gabanka: takardar NIN, bayanan BVN, sunan da ke kan asusun da kake karɓar kuɗi, da satifiket ɗin CAC. Ka bi sunayen harafi bayan harafi, domin galibi a nan gizo ke saƙa. Muhammad a NIN, Mohammed a banki. Abubakar a nan, Garba a can. Wani ya sa sunan garinsu a ƙarshe a takarda ɗaya, a ɗayar ya sa na mahaifinsa. Ranar haihuwa ma haka. Kwamfuta ce ke gwada takardun, ita kuwa ba ta san Audu shi ne Abdullahi ba.

Da NIN ake fara gyara, tunda ita ce sauran ke bi. Hukumar NIMC tana da shafin da mutum zai nemi gyara da kansa bayan ya biya kuɗi. Idan ya fito, sai ka je bankinka a daidaita BVN. Za su iya neman takardar rantsuwa ta kotu, wani lokaci har da sanarwar jarida. CAC ce ta ƙarshe. Wanda ya faro daga CAC zai yi aikin sau biyu.

Ga waɗanda ba su yi rajistar ba tukuna: dokar kamfanoni ta 2020 ta ce duk mai kasuwanci da wani suna wanda ba sunansa na gaskiya tsura ba, ya yi rajista cikin kwana 28 da fara harkar. Ana yi a shafin CAC. Za ka ba da sunan da kake so, in an amince a ajiye maka shi na kwana 60, sannan ka cike fam da NIN, hoto, sa hannu, adireshin shago da irin sana'ar. Ka guji kalmomi irin su Federal, National ko Group, sai da izini na musamman ake ba da su. Bayan satifiket, ka buɗe asusu da sunan kasuwancin. Asusun ƙaninka ko na yaron shago ba zai wuce tantancewa ba. Kuma a kowace shekara akwai bayanin da ake miƙa wa CAC kafin ƙarshen Yuni. Wanda ya yi watsi da shi, sunansa zai koma nuna ba ya aiki, kuma kowa na iya dubawa ya gani.

Ana ta yaɗawa a WhatsApp cewa yanzu duk alat ɗin da ya shigo asusu gwamnati za ta cire haraji. Ni hatsi da wake nake tallatawa a Facebook. Shin in koma karɓar tsabar kuɗi? — Wani mai hatsi, Mile 12

Malam, kada ka koma. Zancen ba haka yake ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, manyan cikinsu suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, kuma hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Babu inda aka ce a yanki haraji daga kowane alat. Naira 50 ɗin da ake gani a kan tura naira 10,000 zuwa sama tsohon abu ne, sai dai yanzu mai turawa ke biya.

A kan riba ake biyan haraji, ba a kan ciniki ba. Mai kasuwanci shi kaɗai, ko da ya yi rajistar suna, harajin mutum ɗaya yake biya, kuma ga jihar da yake zaune. A nan Legas, hukumar harajin jiha ke nan, wato LIRS. Lambar harajinka tana rataye da NIN ɗinka. Ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen Maris. Naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25. A ce ribarka ta shekara miliyan 3 ce: harajinka naira 330,000. In kana biyan hayar gida miliyan ɗaya, ana rage maka kashi 20 na hayar, wato 200,000, sai harajin ya sauko 300,000. Wannan rangwamen ba ya wuce naira 500,000, kuma sai da shaidar biya.

Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne gwama kuɗi. Asusu ɗaya ne na ciniki, shi ne na adashe, shi ne wanda 'yan'uwa ke turo saƙo a miƙa wa wani, shi ne na gudummawar biki. Ranar da aka nemi bayani, kai ne za ka nuna wanne ne ba ciniki ba, kuma baki ba ya zama shaida. Ka raba asusu. Ka riƙe littafi: kwanan wata, kaya, nawa ka saro, kuɗin mota daga Arewa, lodi da sauke, nawa ka sayar. Rasit da takardun mota a adana su shekara shida.

Harajin VAT yana nan a kashi 7.5. Wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 100 ba, kadarorinsa kuma ba su wuce miliyan 250 ba, ba a ɗora masa karɓarsa ba. Amma in kana sayarwa ta dandalin da ke cire kamasho, za ka ga VAT a kan kamashon: kamashon naira 2,000, ƙarin naira 150. Ka sa wannan a lissafin farashi.

Ina haɗa yaji, kilishi, humra da kayan mata a gida, ina sayarwa a Instagram. Wata ta ce za ta ara mini lambar NAFDAC ɗinta in buga a kan robobina. Ya halatta? — Wata uwargida, Idi-Araba

Hajiya, ki gode mata ki bar mata abarta. Lambar NAFDAC ta kaya ɗaya ce, na mutum ɗaya, a wurin sarrafawa ɗaya. Buga ta a kan wani kaya jabu ne, kuma ku biyun za ku amsa.

Kayanki kashi uku ne a wurin hukumar, kowanne da hanyarsa. Yaji da kilishi, da zarar an rufe su a mazubi da suna, abinci ne mai buƙatar rajista. Humra tana cikin kayan kwalliya. Kayan mata maganin gargajiya ne, shi kuma izinin shekara biyu ake fara ba shi, ba shekara biyar kamar cikakkiyar rajista ba. Shawararmu ki fara da wanda ya fi kawo miki ciniki, ki bar sauran har ki kammala.

Ana nema ta shafin hukumar mai suna NAPAMS. Za a buƙaci takardar CAC, shaidar lafiyar masu aikin, shaidar feshin ƙwari, da samfurin takardar jikin kaya mai ɗauke da suna, adireshi, abubuwan da aka haɗa, nauyi, lambar rukuni, ranar yi da ranar lalacewa. Jami'ai za su zo su ga wurin, su ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji. Kicin ɗin da ake girkin gida ba ya wucewa. A ware ɗaki. A gwaji, abu biyu ke kayar da irin kayanki. Na farko danshi: kilishin da aka rufe bai gama bushewa ba, a iskar Legas, fumfuna zai yi. Na biyu gyaɗa: ƙuli-ƙulin da aka yi da gyaɗa mai fumfuna yana ɗauke da guba wadda suya ba ta kashewa. Ki tsince gyaɗar da kanki ko ki san wurin wa kike saye.

Talla ma da ƙa'idarta. Lamba ba ta ba ki damar cewa abu yana maganin ciwon suga ko rashin haihuwa ba. Tallar irin waɗannan kaya tana buƙatar izinin NAFDAC, dokar hukumar kula da tallace-tallace (ARCON) ta 2022 kuma ta haɗa da tallar kafofin sada zumunta. Af, game da mazubi: Legas ta hana farar robar abinci ta soso tun Janairun 2024, sannan daga 1 ga Yuli, 2025 ta fara kamen siraran ledoji.

Na rubuta "ba a canji, ba a mayarwa" a shafina na wayoyin hannu. Wani ya ce zai kai ni ƙara. Yana da hujja? — Wani matashi, Computer Village, Ikeja

Mai yiwuwa ne, ɗan'uwa. Dokar kare masu saye ta 2018 ta fi ƙarfin rubutunka. In kaya na da aibi, ko mai saye bai samu dubawa kafin a kawo masa ba, ya ga ba abin da aka siffanta ba ne, yana da haƙƙin mayarwa cikin lokacin da ya dace a ba shi kuɗinsa. Wanda kawai ra'ayinsa ne ya sauya, wannan ya rage gare ka. Dokar ta wajabta a bayyana in kaya na hannu ne ko gyararre, a sa farashi a fili maimakon "biyo ni ta ciki", a kuma ba da rasit. Ƙorafi yana zuwa hukumomin kare masu saye: FCCPC ta tarayya ko LASCOPA ta jihar Legas.

Don kare kanka, ka rubuta lambar shaidar wayar, wato IMEI, a rasit, ana ganin ta da danna *#06#. Ka faɗi ƙarfin batir da ko an taɓa canza sikirin. Ka ɗauki bidiyon wayar tana aiki kafin ka naɗe ta ka miƙa wa mai babur. In rigima ta tashi, kada ka wallafa hoton mutumin da lambarsa da adireshinsa, domin dokar kare bayanai ta 2023 za ta iya juyowa kanka.