Amsa ga mai son zagaya gaɓar tekun Siri Lanka da abokansa da ɗan guzuri

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ku huɗu ne, kuna da hutun mako uku a watan Yuli, aljihu ba nauyi, kuma kuna son ku saɓa jakunkuna ku zagaye garuruwan bakin tekun Siri Lanka gaba ɗaya, daga Kolombo ku gangara kudu har ku ɓulla gabas. Tambayarka ita ce ko zai yiwu, kuma ta ina kuɗi ya fi zurarewa. Zai yiwu, amma ba a kan tsarin da ka zana ba. Na taka ƙasar da abokai a kan irin guzurinku, don haka bari in faɗa maka abin da ido ya gani.

Fara da watan da kuka zaɓa. Tsibirin nan damina biyu gare shi, kowacce da ɓangaren da take sauka. Daga Mayu zuwa Satumba iska na kaɗowa daga kudu maso yamma, ta kwararo ruwa a kan Kolombo, Hikkaduwa, Galle, Mirissa da duk wannan layin, teku ya haukace, masaukai da yawa su rage ma'aikata ko su rufe. A daidai wannan lokacin gabas tana bushe, ruwanta a kwance. Daga wajen Oktoba zuwa Janairu sai abin ya juya, gabas da arewa su karɓi nasu. Ke nan hotunan da kuka gani na rairayin kudu da shuɗin ruwa, yawancinsu tsakanin Disamba da Maris aka ɗauke su. In Yuli ya zama dole, ku mai da hankalinku gabas: Trincomalee da ƙauyukan Uppuveli da Nilaveli da ke kusa da ita, sai Passikudah, Batticaloa, ku ƙare a Arugam Bay. In kuma za ku iya ɗage tafiyar zuwa Janairu ko Fabrairu, to kudu ce taku, sai dai lokacin ne farashin ɗaki yake sama.

Kada ka fahimce ni baibai, ba cewa na yi ba a zuwa kudu a Yuli ba. Ruwan ba wuni yake yi yana zuba ba, kuma ɗakuna na yin araha sosai. Galle ba ta buƙatar rana mai kyau kafin ta burge mutum. Turawan Fotugal suka fara gina ganuwarta a 1588, Holan suka ƙwace ta a 1640 suka faɗaɗa ta, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1988, kuma ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, domin unguwa ce da mutane ke zaune a ciki. Akwai farin masallacin Meeran daura da hasumiyar fitilar jiragen ruwa, ku yi la'asar a can ku hau ganuwa ku zauna. Kwana biyu ya ishe ku. Amma ku kwana a wajen ganuwar, ciki na masu kumbar susa ne.

Yanzu batun zagaye duka. Ka cire shi daga ranka. A taswira ƙasar ƙarama ce, amma hanyoyinta ba sa sauri, kuma ranar da duk kuka tashi daga wani gari zuwa wani, ranar ta tafi. Ita ce kuma ranar da ta fi cin kuɗi: keken zuwa tasha, ruwan gora, abincin hanya da ba ku zaɓa ba, keken daga tasha, sannan ɗakin da za ku karɓa a gajiye ba tare da ciniki ba. Mutumin da ya ce kwana ɗaya zai yi ba shi da bakin neman ragi. Wanda ya ce zai yi huɗu, ɗakuna biyu, kuɗi a hannu, shi mai gida ke saurara. Garuruwa huɗu ko biyar sun wadatar a mako uku. Sauri ya haifi nawa.

Jirgin ƙasa shi ne abokin mai ƙaramin guzuri a can. Daga tashar Colombo Fort layin gaɓar teku yana bi ta Hikkaduwa da Galle da Weligama zuwa Matara, kuma tun 2019 an ƙara shi zuwa Beliatta. Zuwa Galle awa biyu da rabi ne zuwa uku. Tikitin aji na biyu da na uku marasa lambar kujera a taga ake sayensu ranar tafiya, ba sa ƙarewa, sai dai kujera ta ƙare. In kun nufi kudu ku zauna a hannun dama. Akwai wuraren da dogo ke tafiya dab da ruwa har feshin igiya ya shigo ta taga, masu tallar soyayyen wake da jatan lande suna ratsa tarago da kwando a kafaɗa suna kira. Ku guji jirgin yamma mai fita daga Kolombo, lokacin da ma'aikata ke komawa gida, domin da jakar goyo ko tsayuwa sai ta gagare ku. Kafin Hikkaduwa za ku wuce Peraliya, inda igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta kifar da jirgin ƙasa cike da fasinja, mutane fiye da dubu suka rasu. Akwai wurin tunawa a gefen hanya.

Gabas ma jirgi na zuwa Trincomalee da Batticaloa, layin yana rabuwa a mahaɗar Gal Oya, kuma tafiyar takan ci wajen awa takwas. Na dare yana rage muku kuɗin ɗaki na kwana guda. Arugam Bay ba ta da dogo, bas za ku hau zuwa Pottuvil, daga nan ɗan taƙi ne. Bas-bas iri biyu ne, jajayen gwamnati da na 'yan kasuwa. Duka araha ne, duka gudu suke kamar ana bin su bashi, amma jajayen sun fi mini kwanciyar hankali. Ku riƙe canji, kwandasta ba ya son babbar takarda.

To ga inda nake so ka tsaya ka karanta da kyau, domin abin da ke wargaza irin wannan tafiyar ba ƙasar ba ce, ku ne. Mutum huɗu ba sa taɓa zuwa da aljihu ɗaya. Akwai wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar, akwai wanda in ya ƙare sai ya buga waya a turo masa. A makon farko ba a gane bambancin. A na biyu ne za ka ga wani ya fara cewa ba ya jin yunwa duk lokacin da aka nufi gidan abinci mai fitilu a bakin ruwa, ko ya ce kansa na ciwo ranar da za a shiga kwalekwale. Ba ciwon kai ba ne, kunya ce. Ɗayan kuma yana ganin ana tauye masa hutu, shi da ya zo da kuɗinsa, ana hana shi ɗaki mai na'urar sanyi. Ba wanda zai furta, sai dai magana ta ragu a teburi.

Maganinsa tun kafin a sayi tikitin jirgi ne. Ku zauna, kowa ya faɗi abin da zai iya kashewa a rana, ba abin da yake fata ba, sannan ku ɗauki adadin wanda ya fi ƙaranci ya zama na tafiyar. Ku buɗe asusu ɗaya na abin da ya shafi kowa: ɗaki, mota, ruwan sha, abincin da aka ci tare. Kowa ya zuba daidai, a damƙa wa mutum ɗaya, in ya kusa ƙarewa a sake zubawa. Duk abin da ya wuce wannan, mai so ya biya daga aljihunsa, kuma ba a tambayar wanda bai je ba dalilinsa. Mu wanda muka ba wa asusun shi ne mafi ƙarancin magana a cikinmu. Kowane dare bayan isha'i sai ya zauna a bakin gado ƙarƙashin fanka, ya baje takardun rufi, kuɗin ƙasar, a kan zanin gado, ya danne su da waya don kada iska ta kwashe, ya karanto abin da aka kashe daga wani ɗan littafi da gumi ya jiƙa bangonsa. Minti biyar. Muna yi masa tsiya muna kiransa ma'aji, amma har muka dawo ba wanda ya ce wa wani ina kuɗina.

Ku kuma yarda tun farko cewa ba dole ne a wuni tare ba. Wanda yake son koyon hawan igiya da allo a Arugam Bay ya tafi, wanda yake son ya shiga kasuwar Pottuvil ya tafi, a haɗu da magariba. Abu ɗaya ne ban yarda a bar mutum shi kaɗai a kansa ba, shi ne shiga ruwa.

Teku ba kogi ba ne. Akwai wata jan-ruwa da ke komawa ciki ta ƙarƙashin ido, sau da yawa ma a daidai inda ruwan ya fi kama da kwanciya tsakanin igiyoyi biyu. In ta ɗauki mutum, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ya bi gefe, a jere da gaɓa, har ya fita daga cikinta, sannan ya nufo tudu. Jar tuta na nufin kada a shiga. Inda babu tuta, ku tambayi masunta, kuma in ba ku ga ɗan gari ko ɗaya a cikin ruwan ba, ku ma ku tsaya a rairayi. Wanda bai iya iyo ba a cikinku ya faɗa yanzu. Dutsen murjani kuma in ya yanki ƙafa, a wanke a sa magani nan take, don a wannan zafin da laima ƙaramin rauni ba ya wuyar ruruwa.

Masauki: ku yi ajiyar daren farko kawai ta intanet, sauran ku nema da ƙafa. Mutum biyu su zauna da kaya a shagon shayi, biyu su shiga lungunan da ke bayan titin bakin teku. Layi biyu ko uku daga ruwa farashi ke faɗuwa. Gidajen iyali masu ɗakunan haya sun fi ɗakin kwanan taron matafiya sauƙi in kun kai huɗu, tunda can kowane gado ake biya. Ku duba fanka, ku buɗe famfo, ku ɗaga gidan sauro ku ga ko ya yage. Kada ku bar mai keke ya zaɓa muku gida. Wani ya taɓa rantse mana cewa gidan da muke nema ya rufe tun bara, muka sauka muka taka, muka tarar da matar gidan tana shanya a tsakar gida. Lada yake karɓa a inda zai kai ku, kuma a kuɗin ɗakinku za a fanshe. A Kolombo ku yi amfani da manhajar kiran mota ta PickMe ko keke mai mita. A ƙananan garuruwa ku gama ciniki kafin ku hau.

Abinci ba zai ba ku wahala ba in kun ci inda 'yan gari ke ci. Da rana shinkafa da miyar kori iri-iri, har da ƙunshin da ake sayarwa a takarda wajen azahar, shi ne mafi araha kuma yana riƙe ciki. Da yamma kottu, gurasa ce da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da ƙwai da kayan lambu ko kaza, kuma tun daga nesa za ku ji ƙarar ƙarafan. Jar kwakwar da suke kira tambili ta fi lemon kwalba komai. Yaji dai akwai shi, ku ce a rage. Musulmi sun kai wajen kashi 10 cikin 100 na mutanen ƙasar, kuma a gabas sun fi yawa, Kattankudy da Pottuvil ma su ne mafi rinjaye, don haka halal da masallaci ba abin nema ba ne. Gidajen abincin 'yan yawon buɗe ido sukan ƙara kashi 10 na hidima a kan lissafi.

Duk farashin da kuka ga an rubuta shi kafin 2022, ku watsar. Rikicin tattalin arzikin shekarar ya karya darajar rufi, komai ya sauya. Ku sani kuma baƙo na biyan kuɗin shiga gandun daji da wuraren tarihi ninkin na ɗan ƙasa sau da yawa, har da tsibirin Pigeon da ke gaban Nilaveli. Ku zaɓi abu ɗaya mai tsada da kowa ya yarda da shi, ku ware masa kuɗinsa daban. Masuntan da ke zaune a kan sanda a cikin ruwa wajen Koggala, hoto da su ma kuɗi ne.

Takardu kuwa, kada ku dogara da abin da wani mai fasfo daban ya ce. Izinin shiga na intanet da ake kira ETA ba kowane fasfo ne ke samunsa kai tsaye ba, ku tambayi ofishin jakadancinsu da wuri. Mai zuwa daga ƙasar da ake fama da cutar shawara ana neman katin rigakafinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da maleriya a 2016, amma zazzaɓin dengi na nan, kuma sauronsa da rana yake cizo, don haka man sauro ba na dare kaɗai ba ne. Karnukan titi ku bar su, in ɗaya ya ciji wani ko ya karce shi, asibiti ranar. Babur na haya kuma sai mai lasisin da hukumarsu ta amince da shi, 'yan sanda na tsayarwa.

Kowace ranar cikar farin wata hutu ce a ƙasar, suna kiranta Poya, bankuna da ofisoshi a rufe, motoci a cike, ku ciri kuɗi tun jajibiri. In kun shiga wurin ibadar mabiya Buda, a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗa da gwiwa, kuma ba a juya wa gunkin baya don ɗaukar hoto, laifi ne babba a wurinsu.

Daren ƙarshe kada ku kwana a nesa. Filin jirgin saman Bandaranaike yana Katunayake, ya fi kusa da Negombo a kan Kolombo, to ku iso Negombo kwana ɗaya kafin tashi. Kuɗin wannan daren da na motar filin jirgi, ma'ajinku ya sa su a ambulan tun ranar da kuka sauka, kada a taɓa. In ka tabbatar mana da watan, zan jero maka garuruwan bi da bi.